Hannun mutum-mutumi a waje, tsinin allura a ciki: yadda ake kai allura inda hoto ya nuna

A ce akwai ƙari mai faɗin milimita 10 a cikin hanta, a zurfin santimita 12 daga fata, kuma ana so a tsinko ɗan nama daga tsakiyarsa domin gwaji. Allurar za ta bi tsakanin haƙarƙari biyu, ta kauce wa gefen huhu, ta kauce wa hanji da manyan jijiyoyin jini. Idan likita ya kauce da digiri 1 kacal a wajen shiga, tsinin zai sauka kimanin milimita 2 daga inda aka nufa. Idan digiri 3 ne, ya wuce milimita 6, alhali daga tsakiyar ƙarin zuwa gefensa milimita 5 ne. An fita daga ƙarin ke nan. Digiri 3 kuwa abu ne da idon mutum ba ya kamawa cikin sauƙi, musamman idan ya kalli hoton a allo sannan ya juyo ga majiyyaci ya ƙiyasta kusurwar da hannu.

Wannan lissafi ne ya kawo mutum-mutumi cikin aikin. Tun a 1985, a wani asibiti da ke Long Beach a jihar Kalifoniya ta Amurka, Yik San Kwoh da abokan aikinsa suka yi amfani da hannun mutum-mutumin masana'anta samfurin PUMA wajen saita hanyar allurar da aka ɗebo nama da ita daga ƙwaƙwalwa, bisa hoton CT, wato hoton eksire da kwamfuta ke haɗawa ya nuna cikin jiki yanka-yanka. Akwai dalilin da ya sa aka fara da kai: ƙoƙon kai ƙashi ne, ana iya ɗaure shi ya tsaya cak, abin da ke cikinsa ma ba ya yawo sosai. Ciki da ƙirji ba haka suke ba. Na'urar tana iya tsayar da hannunta da kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba, amma hannun yana waje ne, a gindin allura. Abin da ke warkarwa ko ya yi ɓarna shi ne tsinin, wanda ke can cikin nama mai motsi, mai lanƙwasa ƙarfe. Kamar wanda ya riƙe doguwar sanda mai laushi ya tura ta cikin ruwa mai duhu ne: ya san inda hannunsa yake, bai san inda bakin sandar ya kai ba. Duk wahalar wannan fanni tana cikin wannan tazara.

Sassan na'urar da yadda aikin ke tafiya

Yawancin na'urorin suna da kwamfutar tsara hanya, da hannu mai gaɓoɓi, da mariƙin allura a ƙarshen hannun, da kuma hanyar da na'urar ke gane inda majiyyaci yake. Dabarar da ta fi muhimmanci a ƙirar hannun ita ce ya riƙa jujjuya allurar a kan ɗigo ɗaya da ke nesa da gaɓoɓinsa, wato daidai wurin da allurar ta taɓa fata. Ta haka ana canza kusurwa ba tare da an ja fatar gefe ba. Na'urar PAKY da aka ƙera a Jami'ar Johns Hopkins a ƙarshen shekarun 1990 domin shiga ƙoda ta fata, da wannan dabara aka haɗa ta.

Inda aka kafa na'urar yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Maxio ta kamfanin Perfint na Indiya a ƙasa take tsayawa, kusa da injin CT. Micromate ta Ostiriya ƙarama ce, a jikin gadon ake ɗaure ta. XACT ACE ta Isra'ila, wadda FDA, hukumar kula da magunguna da na'urorin asibiti ta Amurka, ta amince da samfurinta na farko a 2019, a jikin majiyyacin kansa ake ɗora ta. Wadda ke ƙasa tana da ƙarfi da faɗin wurin aiki, amma idan majiyyaci ya ɗan gyara kwanciya, lissafinta ya tashi aiki. Wadda ke jiki tana tafiya tare da shi, sai dai fata tana zamewa a kan abin da ke ƙarƙashinta, don haka bin fata ba ya nufin bin hanta. Sannan akwai tambayar wa zai tura allurar. A Maxio da Epione ta kamfanin Quantum Surgical na Faransa, wadda ta samu amincewar FDA a 2022, na'urar tana saita mariƙin ne, likita ya tura da hannunsa. XACT ACE ita ke turawa da kanta, tana gyara hanya tsakanin zango da zango.

A ɗakin CT, aikin yakan tafi haka. Ana kwantar da majiyyaci a kan katifar da ake zuƙe iskarta ta ƙame da siffar jikinsa. Ana manna alamomi a fata ko a jikin na'urar, waɗanda ke fitowa fes a hoto. Ana ɗaukar hoto mai sirarun yanka, milimita 1 zuwa 2, a wani takamaiman matakin numfashi. Likita ya zaɓi wurin shiga da wurin zuwa, ya bi layin yanka bayan yanka ya tabbatar bai ratsa abin da bai kamata ba. Kwamfuta ta haɗa ma'aunin hoto da ma'aunin na'ura, hannu ya je ya tsaya. Sai allurar kashe zafi, sai a ɗan tsaga fatar da wuƙar tiyata, domin fata ce ta fi komai tauri a hanyar, kuma allurar da ta yi kokawa da fata takan shiga a karkace tun daga farko. A tura zuwa rabin hanya ko gab da wani wuri mai haɗari, a tsaya, a sake hoto, a gyara idan da buƙata, sannan a ƙarasa. Ba a harba bindigar yankan nama, wato na'urar da ke cilla allura ta yanko ɗan naman gwaji, sai an ga tsinin a hoton ƙarshe, kuma a tuna cewa bindigar tana cilla bakinta gaba da kimanin milimita 10 zuwa 20. Abin da ke bayan ƙarin ma dole a duba shi.

Inda milimitocin ke zubewa

Na farko shi ne haɗa hoto da jiki. Ana buƙatar alamomi aƙalla uku waɗanda ba sa kan layi ɗaya, a aikace kuma akan sa fiye da haka, a baza su kewaye da wurin aiki. Idan aka cunkushe su wuri guda nesa da ƙarin, ƙaramin kuskure a wajensu yakan zama babba a zurfi. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Allo yakan nuna lamba mai daɗin gani, misali 0.5, a matsayin kuskuren haɗawa. Wannan lamba tana faɗin yadda alamomin suka dace da junansu ne kawai. Binciken J. Michael Fitzpatrick na Jami'ar Vanderbilt ya nuna cewa ƙanƙantarta a wani aiki ba ta tabbatar da ƙanƙantar kuskure a wurin da ake nufa. Hanyar gwaji ta gaskiya ita ce a taɓa wani ɗigo da ba a sa shi cikin lissafin ba, a ga ko na'urar ta san inda yake.

Na biyu numfashi, kuma shi ya fi girma. Hanta takan yi sama da ƙasa da santimita 1 zuwa 2 a numfashi na hutawa, fiye da haka idan an ja dogo. Ƙasan huhu da ƙoda ma haka. Cewa majiyyaci ya riƙe numfashi yana taimakawa, amma mutum ba ya tsayawa a wuri ɗaya sau biyu, balle yana cikin tsoro ko zafi. Ƙarshen fitar da numfashi ya fi maimaituwa daidai fiye da ƙarshen shaƙa. Saboda haka cibiyoyi da yawa da ke ƙona ƙarin hanta suke sa majiyyaci barci gaba ɗaya, su dakatar da injin numfashi na ɗan lokaci a mataki ɗaya duk sanda za a ɗauki hoto ko a tura allura. Wasu kuma suna amfani da injin da ke hura ƙananan iska da sauri sosai, yadda tantanin da ya raba ƙirji da ciki kusan ba ya motsi.

Numfashi yana da wani haɗari da ya shafi mutum-mutumi kai tsaye. Allurar da likita ya saka da hannu, idan ya sake ta, takan riƙa rangaji tare da numfashi. Idan ƙarfe ya riƙe gindinta ƙam alhali hanta ko huhu na motsi a kewayenta, allurar ta zama wuƙa, tana iya tsaga tantanin hanta ko na huhu. Dole mariƙin ya zama mai buɗewa nan take, da hannu ɗaya, ko da wuta ta ɗauke. A huhu abin ya fi nauyi, domin ko a aikin hannu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yanko musu nama daga huhu ta fata sukan samu iska ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, duk da cewa kaɗan daga cikinsu ne ke buƙatar a sa musu bututu. Kowace ƙarin huda tana ƙara wannan haɗari, kuma a nan ne saitin farko mai kyau yake da daraja.

Na uku allurar kanta. Allura mai lamba 18 kaurinta kimanin milimita 1.27 ne, mai lamba 22 kuwa kimanin 0.72. Bambancin kamar ba yawa, amma taurin sanda wajen lanƙwasa yana tafiya ne da kaurinta an ninka shi a kansa sau huɗu, don haka mai lamba 22 ta fi mai lamba 18 laushi kusan ninki goma. Siffar baki ma tana aiki. Bakin da aka fiƙe ta gefe ɗaya yana samun turi daga nama ta fuska ɗaya, sai allurar ta riƙa karkata tana shiga. Bakin da aka fiƙe ta kowane gefe daidai ya fi tafiya miƙe. Idan kuma allura ta goga gefen haƙarƙari ko ta ratsa tsoka mai tauri a karkace, ta canza hanya, na'urar da ke waje ba ta da labari.

Na huɗu, nama yana gudu. Kafin tsini ya huda wani tantani, sai ya fara tura shi ciki. Ƙari mai tauri a cikin gaɓa mai laushi yakan goce gefe ko ya yi gaba. Furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, takan juya ta kuma matsa idan allura ta shige ta. Gwaje-gwaje sun nuna cewa turawa da sauri tana rage yadda nama ke lotsawa kafin ya huje, jujjuya allura kuma tana rage gogayya. Abubuwa ne da inji ke iya yi daidai wa daida fiye da yatsu.

Hoton ma yana da tasa ƙaryar. Sikanin da ke aiki da sauti, irin wanda ake duba mai ciki da shi, yana lissafin zurfi ne bisa zaton cewa sauti na gudun mita 1540 a daƙiƙa, alhali a kitse kimanin 1450 yake yi. Kitse mai kaurin santimita 3 zai sa abin da ke ƙarƙashinsa ya bayyana da zurfin da ya ƙaru da kusan milimita 2. Allurar da ta tsaya a tsaye sosai tana jefa sautin gefe maimakon ta mayar da shi, sai ta dusashe a allo. Mafi muni, idan tsinin ya fita daga siririn yankin da sikanin ke gani, wurin da jikin allurar ya ƙare a allo sai ya yi kama da tsini, alhali tsinin na gaba. A CT akwai alama mai amfani: baƙin layi yakan fito daga ainihin tsini ya miƙe gaba. Idan allura ta ƙare a hoto babu wannan inuwa, a duba yanka na gaba kafin a yarda.

Ba allura ido da ji

Hanya mafi sauƙi ta sanin inda allura take ita ce kyamara mai aiki da infrared, hasken da ido ba ya gani, da ke bin ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli a gindin allura. Tana da daidaito sosai, amma gindi take gani, sai ta zana miƙaƙƙen layi ta ce ga tsini. Allura ta lanƙwashe, zanen ya zama ƙarya. Kuma da zarar wani ya shiga tsakanin kyamara da ƙwallayen, gani ya yanke.

Bin sawu da maganaɗisu ya kai sensa inda ake buƙata. Ana saka ɗan ƙaramin naɗin waya, ƙasa da milimita ɗaya a kauri, kusa da tsinin siririyar sandar da ke cikin bututun allura, wani akwati kuma yana samar da filin maganaɗisu mai faɗin kusan rabin mita, kamar a tsarin Aurora na kamfanin NDI na Kanada. Jiki ba ya tare shi. Ƙarfe ne abokin gabarsa: zoben injin CT, gadon ƙarfe, injin eksire mai siffar baka, duk suna murɗe filin, kuma kuskuren yakan zo shiru, allo na nuna ɗigo lafiya lau a wurin da ba nan yake ba. Naɗi guda ɗaya ba ya sanin yadda allura ta juya a kan tsawonta, don haka ba zai faɗi ta ina fiƙen ke fuskanta ba. Sannan da an zare sandar ciki domin ɗebo nama, sensa ta fita tare da ita.

Hanyar da ta fi jan hankalin masu bincike ita ce zaren gilashi mai ɗaukar haske. Kaurin zaren da aka saba milimita 0.125 ne. A wasu wurare a cikinsa ana zana ƙananan layuka jere da juna, abin da ake kira zanen Bragg, waɗanda ke mayar da haske mai tsawon zango guda, wato kamar launi ɗaya tak. Idan zaren ya miƙe ko ya matse, tsawon zangon ya canza. A tsawon zango na kusa da nanomita 1550 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), miƙewar kashi ɗaya cikin miliyan tana matsar da shi da kimanin fikomita 1.2 (fikomita dubu ne nanomita ɗaya). Ana kwantar da zare uku a jikin sandar allura, digiri 120 tsakanin kowanne. Allura ta lanƙwasa, na bayan gwiwar ya miƙe, na cikinta ya matse, daga bambancin a san yawan lanƙwasar da inda ta fuskanta. Babu wuta babu ƙarfe a zaren, don haka yana aiki a cikin MRI, injin ɗaukar hoton jiki mai aiki da maganaɗisu mai ƙarfi.

Matsalolinsa sanannu ne. Zafi ma yana matsar da hasken, kimanin fikomita 10 a kowane digiri, wato digiri ɗaya yana kama da miƙewar kashi 8 cikin miliyan. Allurar da ta bar ɗaki mai digiri 20 ta shiga jiki mai 37 za ta ba da sigina babba ba tare da ta lanƙwasa ba. Zare uku suna magance wannan idan zafin ya taɓa su daidai, domin sai a cire abin da suka yi tarayya a kai. Kusa da allurar ƙona ƙari, inda gefe ɗaya ya fi zafi, dabarar tana rauni. Na biyu, ana auna lanƙwasa ne a wurare kaɗan, a ƙiyasta abin da ke tsakani, a tara daga gindi zuwa tsini, don haka kuskure yana ƙaruwa da tsawon allura. Zaren da aka kwantar a miƙe ba ya jin murɗewa. Gam ɗin da ya riƙe shi yana iya saki bayan an kashe ƙwayoyin cuta da zafi. Kuma abin da zaren ke faɗi siffar allura ce daga gindinta. Bai san ko ƙarin ya gudu ba.

Jin ƙarfi wani babi ne. Ƙwararren likita yana jin ɗan "ɓus" a yatsunsa idan ya huda tantani, kuma na'urar da ke tura allura tana raba shi da wannan ji. Sa sensa a gindi ba ya mayar da shi sosai. A 2004 Allison Okamura da abokan aikinta suka rarraba ƙarfin shigar allura gida uku: turjiyar nama kafin ya huje, gogayya a jikin allura, da yanka a tsini. Gogayya tana ƙaruwa da zurfi, har ta danne ƙaramin canjin da ke faruwa a tsini, wanda shi ne ake nema. Mafita ita ce a kai sensa tsinin, ko a bar bututun waje ya ɗauki gogayya a auna ƙarfin sandar ciki ita kaɗai. Wasu allurai kuma nau'in nama suke ganewa. A allurar kashin baya, ana iya auna faɗuwar matsin ruwa a sirinji lokacin da tsini ya wuce jijiya mai tauri ya shiga sarari, ko a auna yadda abin da ke bakin allura ke wuce da lantarki, tunda ruwan laka ya fi naman da ke kewaye da shi wucewa da ita.

Karkatar fiƙe ma an mayar da ita abin amfani. Robert Webster da abokan aikinsa sun wallafa lissafin tuƙa allura mai laushi a 2006: tura ta ba juyi, ta yi baka, juya ta rabin zagaye, bakan ya koma ɗaya gefen, juya ta ba tsayawa, ta tafi miƙe. Haɗa juyi da tsayawa a ma'auni daban-daban yana ba da lanƙwasa tsaka-tsaki. A jelatin, daskararren abu mai laushi da ake gwaji da shi a madadin nama, abin yana tafiya sumul. A nama, juyin da aka yi a gindi ba ya isa tsini duka saboda allurar tana murɗewa, ɓangaren da ke waje da fata kuma yakan tanƙware idan ba a tallafe shi ba. Har yanzu yawancin wannan aiki yana matakin bincike.

A MRI kuwa injin lantarki na yau da kullum ba ya shiga, saboda filin maganaɗisunsa mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 yana fizgar ƙarfe, wutar injin kuma tana ɓata hoto. Ana amfani da matsin iska, kamar a MrBot ta Johns Hopkins, ko injin fizo, mai motsi da wani abu da ke miƙewa ko matsewa idan an ba shi lantarki, kuma komai dole ya shiga ramin injin MRI mai faɗin santimita 60 zuwa 70 tare da majiyyaci.

Yadda za a karanta alƙaluman daidaito

Amfanin na'urorin nan ya fi fitowa a hanyar da ta karkace ta fuska biyu, misali ƙari a ƙololuwar hanta da dole a shigo masa daga ƙasan haƙarƙari a nufi sama, inda allurar ba ta kwanta cikin yanka ɗaya na CT ba. Haka kuma inda ake buƙatar allurai da yawa. Ƙona ƙari yana buƙatar a haɗa da lafiyayyen nama milimita 5 zuwa 10 kewaye da shi, hanyar kashe ƙari da bugun lantarki kuma tana so allurai su tsaya a jere, tazarar kimanin santimita 1.5 zuwa 2, ba tare da ɗaya ta karkata ga ɗaya ba. Ga babban ƙari da ke kusa da fata, wanda sikanin ke nunawa sarai, lokacin kafa na'ura yakan fi ribarta yawa, kuma hannun ƙwararre ya wadatar.

Idan aka ce na'ura tana da daidaiton milimita kaza, a tambaya a ina aka auna: a iska, a jelatin, a dabba, ko a mutum mai numfashi. A tambaya ko an raba kuskuren gefe da na zurfi, domin na zurfi ana gyara shi da ɗan turi ko ja, na gefe kuwa sau da yawa sai an zare an sake huda. A tambaya ko lambar ta shigar farko ce ko bayan an gyara, kuma da wane wuri aka gwada tsinin, inda ƙarin yake a hoton tsari ko inda ya koma bayan allura ta shiga. Matsakaicin kuskure kaɗai ba ya isa, domin majiyyacin da aka samu matsala a kansa yana cikin 'yan kaɗan da kuskurensu ya fi girma, don haka a nemi mafi munin lamba. A duba yawan hotunan da aka sake da adadin radiyeshan da majiyyaci ya sha, da kuma minti nawa aka ɗauka tun daga shigowa ɗaki. Kafin na'urar ta taɓa majiyyaci na farko kuma, ma'aikatan ɗakin su gwada da agogo: daga lokacin da aka ce a tsaya, daƙiƙa nawa ake ɗauka a saki allurar, a janye hannun, a samu sararin isa ga ƙirjin majiyyaci.